Yadda na haɗa awa guda ta rawa da kundin Disco na Kylie Minogue

Aikin ta hannun matata ya zo. Shugabarsu a sashen da take jinya a wani asibiti a Manchester ta cika shekara 50 a 2020, kullen korona ya hana biki, sai aka ɗage shi zuwa Oktoban 2021. Ta ji labarin cewa ni nake saka kiɗa a bukukuwan 'yan Najeriya a ƙarshen mako, aure da suna da walimar kammala karatu, sai ta nemi mu gana. Buƙatarta ɗaya ce: awa guda cur ana rawa ba tsayawa, a gina ta a kan sabon kundin mawaƙiyar Ostireliya Kylie Minogue mai suna Disco, a cakuɗa da tsofaffin waƙoƙin disko, domin mahaifiyarta da ƙannen mahaifiyar duk za su zo.

"Maigida, don Allah ka karɓa," in ji matata. "Matar nan ita ta riƙa sauya mini ranakun aiki lokacin da makarantu suke rufe."

Muka haɗu a wurin cin abincin asibitin. Na je da littafina in rubuta sunayen waƙoƙi, na ɓige da sauraron tarihi. Tana da shekara 18 a 1988 lokacin da kundin Kylie na farko ya fito, kuma tun kafin nan tana kallonta a wasan talabijin na Ostireliya mai suna Neighbours. Ta ce a ƙarshen shekarun 1990 kowa ya ɗauka yarinyar ta ƙare, sai ga ta a shekarar 2000 da "Spinning Around", waƙar disko, ta koma ta ɗaya a Birtaniya. A 2005 aka gano Kylie tana da sankarar mama, tana tsakiyar rangadi, dole ta soke zuwa babban bikin kiɗa na Glastonbury, ba ta hau dandalin a matsayin mai nata wasan ba sai a 2019. A nan matar ta ajiye kofin shayinta. Ta ce a matsayinta na ma'aikaciyar jinya ba ta manta yadda labarin ya sa mata, musamman a Ostireliya, suka yi tururuwar zuwa gwaji ba.

Wato ba waƙoƙi kawai take so ba. Tsararta take so a yi wa biki.

Shi kundin ya fito ranar 6 ga Nuwamban 2020, kwana ɗaya bayan Ingila ta sake shiga kulle karo na biyu. Kundin rawa, a lokacin da babu gidan rawa ko ɗaya a buɗe a ƙasar, kuma ba a buɗe su ba sai 19 ga Yulin 2021. Duk da haka ya shiga na ɗaya, Kylie ta zama mace ta farko da ta samu kundi na ɗaya a Birtaniya a kowane zango na shekara goma har sau biyar a jere, daga shekarun 1980 zuwa na 2020. Tana da shekara 52 a lokacin. Ba ɓacewa ta yi ta dawo ba, domin kundinta na 2018, Golden, wanda ta karkata da shi zuwa kiɗan karkarar Amurka, shi ma ya yi na ɗaya. Gida ta koma, wato disko. Kuma hanyar tsohuwa ce: Diana Ross ta bi ta a 1980 da taimakon Nile Rodgers da Bernard Edwards na ƙungiyar Chic, Cher ta bi ta a 1998 ita ma tana da 52, Madonna ta bi ta a 2005. Idan rediyo ya fara juya wa mawaƙiya baya saboda shekaru, filin rawa ba ya tambayar takardar haihuwa.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai ɗan ɗakin aiki a gida, shi ne yadda aka yi kundin. Da kulle ya zo, sutudiyo ya gagara, sai Kylie ta kafa makirufo a gidanta a Landan, ta koyi manhajar Logic Pro, tana naɗar muryarta da kanta, masu haɗa kiɗan suna nesa, wasu ma a wasu ƙasashen. Mafi yawan kundin haka aka yi shi, har sunanta yana cikin jerin injiniyoyin murya. Mace mai shekara talatin da ɗoriya a sana'a, wadda ta saba a gyara mata komai ta shiga ta rera, ta zauna tana koyon inda ake danna jan maɓallin naɗar murya.

Matakin farko sayen waƙoƙin ne. Mutane da yawa sun ɗauka DJ, wato mai irin aikina, daga manhajar Spotify yake saka kiɗa, alhali a lokacin ba ya yiwuwa, domin a tsakiyar 2020 kamfanin ya yanke hulɗa da manhajojin DJ, ga shi kuma ba a dogara da intanet ɗin ɗakin taro. Na sayi kundin, waƙa 12, minti arba'in da 'yan kai, na zuba a Rekordbox, manhajar da nake tsara kiɗa da ita. Ita ce take auna gudun kowace waƙa, bugu nawa a minti, ta ja layuka a kan hoton sautin, kowane layi a kan bugun ganga.

Disko ba ya ɓoye ƙafarsa. Babbar ganga tana bugu huɗu daidai a kowace gaɓa, dum dum dum dum, ƙaramin faranti yana "cis" a tsakani, salon da ake danganta shi da Earl Young, makaɗin Philadelphia na farkon shekarun 1970. Yawanci gudun yana tsakanin bugu 110 zuwa 130 a minti. Gaɓoɓin suna tafiya takwas-takwas, kuma duk wani sauyi, shigowar murya ko amshi, a kan farkon takwas yake faɗowa. Aikin DJ shi ne ya daidaita gudun waƙa biyu, ya ɗora farkon takwas ɗin wannan a kan farkon takwas ɗin waccan, ya rage ɗaya yana ƙara ɗaya, ƙafar mai rawa ba ta sani ba.

Layukan waƙoƙin Kylie sun zauna cif, ba gyara. Kwamfuta ce ta buga gangar, ba ta gajiya, ba ta zumuɗi. Matsalar wani wuri take. Don a haɗa waƙa biyu, ana buƙatar shimfiɗa a farko da jela a ƙarshe, wurin da ganga da bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, kawai suke tafiya babu murya, gaɓa 16 ko 32. Waƙoƙin wannan kundi ba su da shi. Yawancinsu minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi, murya tana faɗowa kusan nan take, amshi yana biye da ita, a ƙarshe kuma a datse. Idan na shigo da sabuwa a kan tsohuwa, sai murya biyu su hau juna.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Spotify ba ya ƙirga an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, don haka mai rubuta waƙar yau gaggawa yake ya kama kunnenka kafin yatsanka ya wuce. Disko na asali akasin haka aka gina shi. Tom Moulton ya yi suna ne da tsawaita waƙoƙi saboda masu rawa, shi ya haɗe waƙa uku a fuskar farko ta faifan Gloria Gaynor na 1975, kusan minti 19 ba yankewa. Babban faifai mai inci 12 da ke ɗauke da waƙa ɗaya, wanda aka fara sayarwa a 1976, don hannun DJ aka yi shi. To ga kundi mai suna Disco, da gogen Turawa da ƙahoni da tafi duk a wurinsu, amma an yanka shi daidai aljihun waya.

Sai na koma tela. Na buɗe kowace waƙa a manhajar yanka sauti, ina neman gaɓa biyu ko huɗu da babu murya, in kwafe su, in jera su sau da yawa a gaba su zama shimfiɗa, in sake jerawa a baya su zama jela. Faɗarsa sauƙi. Wurin da kake ganin babu murya, idan ka sa hedifon ka ƙara sauti, sai ka ji amon kalmar ƙarshe yana bin bayan gangar, kuma idan ka maimaita shi sau takwas ya zama kamar wani yana kiranka daga rijiya. Dole ka matsa gaba ka nemi wani. Yankan kansa sai ka faɗaɗa hoton sautin har bugun ganga ɗaya ya cika allo, ka sa wuƙar daidai inda layin yake kwance kafin ya tashi. Ka kuskure da ɗan ƙiris, duk zagayowa sai ka ji "ƙas". A ƙananan sifikun ɗaki ba ya damun kowa, a manyan sifikun biki kamar an taka gilashi ne. Wasu waƙoƙin sun ba ni abin da nake nema a tsakiyarsu, bayan amshi na biyu. Wasu sun hana, sai na ɗauko gangar wata waƙar na ara musu.

Dare bayan dare ina wannan, yara sun yi barci, na fara jin abin da ban ji a sauraron farko ba. Muryar Kylie siririya ce, ba ta taɓa zama irin ta Donna Summer ba, kuma ba ta yi ƙoƙarin zama ba. Abin da take yi shi ne jera muryarta hawa-hawa, ɗaya a tsakiya, wasu a gefe, wata tana raɗa a ƙasa, har siririn abu ya yi kauri. Wanda ya san cewa a ɗakinta ta naɗi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, zai san ba ƙaramin zama aka yi ba. Ba duka kundin ne ya burge ni ba. Akwai waƙa biyu da na ajiye gefe tun farko, masu daɗin ji ne a mota amma ba sa ɗaga kowa daga kujera.

Tsofaffin waƙoƙin kuwa tasu rigimar daban ce. Na zuba Chic da Gloria Gaynor da Boney M, manhaja ta ja layukanta, farkon waƙa daidai, zuwa tsakiya layi yana gabas ganga tana yamma. Na ɗauki matsalar na kai wa wani dattijo ɗan Jos da muke ce wa Kawu, wanda ya yi saka kiɗa a can a farkon shekarun 1980 kafin ya zo karatu ya zauna. Har yau yana da injin juya faifai samfurin Technics SL-1200 guda biyu a falonsa, da akwatunan faifan garmaho da matarsa ta gaji da yi musu magana.

"Kawu, kwamfutar ta kasa kama gangar."

"Ɗana, ba kasawa ta yi ba, gaskiya ta faɗa maka. Mutum ne yake bugawa. Ka taɓa ganin mai kalangu da gudunsa bai ƙaru ba idan aka fara liƙi?"

Ya ce in rufe allon. Ya ɗora faifai biyu, ya ba ni hedifon kunne ɗaya, ɗaya kunnen a buɗe yana jin sifika. Idan gangunan biyu suka daidaita, bugu ɗaya kake ji mai kauri. Idan ɗaya ta fara gaba, sai bugun ya rabu, "da-dum, da-dum". Aikinka ka gane wacce ce ta yi gaba. Idan sabuwar ce, ka ɗan goga yatsa a gefen farantin ta lafa. Idan baya ta yi, ka ɗan murza tsakiyar faifan ka tura ta. Akwai maɓallin gudu a gefe, yana ƙarawa ko ragewa har kashi 8 cikin ɗari, amma Kawu ya ce wannan na gyaran farko ne, sauran duk yatsa ne. Yana tsaye a bayana, da na yi jinkiri sai ya ce, "Ta gudu, ta gudu, kamo ta." Ba a sakin hannu har a gama haɗin, domin makaɗin 1978 bai san akwai wata kwamfuta ta 2020 da take jiransa ba.

Faifai ɗaya ne bai ba mu wahala ba, "I Feel Love" ta Donna Summer, ta 1977. Giorgio Moroder da na'urar Moog mai ƙirƙirar sauti da lantarki ya gina ta, shi ya sa take tafiya a miƙe. Kawu ya ce ranar da ya fara jin ta ya san wata rana injin zai kori makaɗa. Da na saka masa kundin Kylie, ya saurara har ƙarshe yana kaɗa ƙafa, sannan ya yanke hukunci: "Yarinyar ta iya, amma gangarta ba ta numfashi." Yarinya mai shekara hamsin da uku. Rabin maganarsa na yarda da shi. Amma da gangarta tana numfashi, da yankan da na kwana ina yi bai yiwu ba.

Akwai manhajar da take miƙar da tsohuwar waƙa ta zauna a kan layi. Na gwada, na ji ta fita daga hayyacinta, na bar ta. Na'urata tana da faranti biyu na roba da suke aikin da yatsan Kawu yake yi, da su na ci gaba da atisaye.

Jerin bai ɗauki lokaci ba da zarar kayan sun kammala. Na fara da "Magic" ta Kylie, mai fiyano da ƙahoni, gudunta matsakaici, irin wadda mutum zai shiga fili da kofi a hannu. Daga nan Diana Ross, sai Chic, ina hawa a hankali. Ba a son a ja waƙa fiye da kima, murya takan canza kama, don haka tsallaka daga masu sanyi zuwa masu zafi yana buƙatar tsani. Kundin da kansa ya ba ni shi: "Dance Floor Darling" tana ƙara gudu da kanta wajen ƙarshe, abin da ya rikita layukan manhajata amma ya yi mini rana. Na hau ta daga ƙasa, ta sauke ni a sama, inda "Supernova" ta Kylie da Donna Summer da ABBA suke jira. "Where Does the DJ Go?" tana ambaton shahararriyar waƙar Gloria Gaynor ta 1978 a cikin baitinta, don haka na sa ta biyo baya kai tsaye. "Say Something" ce ta fi ba ni tunani. Ita aka fara saki a Yulin 2020, tana da sanyi, maganarta kewar haɗuwa da mutane. A tsakiya za ta kashe wuta, sai na kai ta can ƙarshe.

Ɗakin taron na unguwa ne, kuma kafin in shiga da kaya sai da na tura musu takarda biyu, shaidar gwajin lafiyar kayan lantarki da inshorar da za ta biya idan sifika ta faɗo wa wani. A bango akwai wani akwati mai fitilu, kore da ruwan ɗorawa da ja. Yana auna ƙarar sauti saboda maƙwabta, idan ja ya daɗe a kunne sai ya yanke wutar soket ɗin gaba ɗaya. Bes ɗin disko shi ne abincinsa. Na je da wuri, na ɗora sifikun a kan sanduna suna kallon tsakiyar fili, na rage bes, na sa matata ta tsaya a ƙarshen ɗaki tana ɗaga mini hannu. Abin da ban iya ragewa ba shi ne muryar mutane, domin akwatin bai bambanta sifika da ma'aikatan jinya arba'in suna amshi ba. Duk daren ido ɗaya yana kan fili, ɗaya yana kan bango.

Sun san kowace kalma ta sabon kundin. Wannan ya ba ni mamaki har sai da wata ta gaya mini cewa shi suke sakawa a mota a hanyar zuwa aikin dare a hunturun 2020, lokacin da gadaje suka cika. Ba su taɓa rawa da shi a cikin jama'a ba sai ranar. Mahaifiyar mai bikin kuwa tana zaune da jakarta a cinya, ba ta motsa ba sai da gitar Nile Rodgers ta shigo. Ta miƙe, ƙannenta suka bi ta. Ni dai jira nake in ga ko za su koma kujera idan na dawo 2020. Daga ABBA na zame cikin "Last Chance" ta sabon kundin, yatsana a kan faranti ina riƙe da tsohuwar gangar har sabuwar ta karɓa, na ɗaga kai. Suna nan a fili. Bayan an tashi, tsohuwar ta zo wurin teburina tana tambaya wace shekara waccan waƙar ta fito, ta ce ta san ta amma ta manta mai ita. Na ce mata bara. Ta ce a'a, ba wannan take nufi ba.

Ja ya kama sau da dama a waƙar Gloria Gaynor, ina ja da sauti baya suna ƙara ɗaga murya, amma wuta ba ta yanke ba.

Wata guda bayan bikin aka sake fitar da kundin da baƙin mawaƙa, ciki har da Gloria Gaynor ɗin kanta, ita da Kylie a waƙa ɗaya, da Jessie Ware, da wadda suka yi da Dua Lipa. Kafin shekara ta ƙare kuma sai ga dogayen siga na waƙoƙin, kowacce da shimfiɗarta da jelarta, daidai abin da na kwana ina ɗinkawa. Na saya na gwada da nawa. Nasu ya fi tsabta nesa ba kusa ba, tunda suna da kowace ganga da kowace murya a ware, ni kuwa daga dafaffen abinci nake tsamo gishiri. Na goge nawa duka in ban da guda biyu da shimfiɗarsu ta fi dacewa da hannuna. Na kai wa Kawu faifan, ya juya shi ya duba tsawon kowace waƙa a bayan kwali, ya ce da haka suka fara da ba su wahalar da mutane ba.

A 2023 Kylie ta fito da "Padam Padam", wadda ta ci mata kyautar Grammy a farkon 2024, kuma ma'aikatan asibitin nan sun sake kirana bikin ritayar wata daga cikinsu, sun ce lallai a saka ta. Na duba tsawonta, ko minti uku ba ta kai ba. Na buɗe manhajar yanka.